Me hauhawar CRP ke nufi ga mai ciwon ƙoda?

Malam, ka ce gwajin jinin mahaifinka mai daɗaɗɗen ciwon ƙoda ya nuna CRP ya hau, kana tambaya ko ƙodar ce ta ƙara lalacewa. Allah Ya ba shi lafiya.

CRP furotin ne da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki, kuma ba ya auna aikin ƙoda. Masu auna aikin ƙoda su ne gwajin kiriyatinin (wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini) da na furotin a fitsari. Masu wannan ciwo sukan zauna da ɗan kumburi na dindindin saboda dattin da ke taruwa a jini. Wannan kumburi kan lahanta jijiyoyin jini da zuciya, ya kuma hana jiki amfani da sinadarin ƙarfe, har ƙarancin jini ya ƙi jin magani. Sai dai zazzaɓin cizon sauro, ciwon dasashi ko ƙwayoyin cuta a bututun wankin ƙoda duk suna ɗaga CRP, shi ya sa gwaji ɗaya bai isa hujja ba.

Wani kuskure da ake yi shi ne sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis don a sauke kumburi, alhali suna cutar da ƙoda. Ku kai wa likitan ƙoda sakamakon, cikin gaggawa idan akwai zazzaɓi.