Na biya kashi 70, an ce aiki ya kai kashi 80: in ƙara wa ɗan kwangila kuɗi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni aka ɗora wa kula da wani shiri na gina ƙananan asibitoci 12 a ƙananan hukumomi uku, kuma ban daɗe da karɓar ofishin ba. Kwangilar ta naira miliyan 600 ce, ɗan kwangila ɗaya, wa'adin wata 10, yanzu muna wata na 8. An biya shi miliyan 420, ciki har da kafin alƙalami na miliyan 180. Duk gine-ginen sun kai linta, 9 an rufa musu kwano, rahoton 'yan sa ido kuma ya ce aiki ya kai kashi 80. Yanzu ya janye ma'aikatansa, ya ce siminti da rodi sun tashi, sai an ƙara masa miliyan 90 zai dawo. Na sama da ni suna cewa in sa hannu tunda saura kaɗan, ga damina ta ƙarato. Wallahi ba na iya barci, don sa hannuna ne zai zauna a takardar. Me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, rashin barcinka yana kan hanya. Kada ka sa hannu, kuma kada ka ƙi da fatar baki. Rubuta wa na sama da kai gajeriyar takarda cewa za ka ba da shawara bayan an auna aikin, ka nemi kwana 14, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Wannan takardar ce za ta tsaya maka ranar da masu binciken kuɗi suka zo, lokacin da waɗanda suka ce "sa hannu kawai" za su ce ba su tuna an yi maganar ba.

Matsalarka ta gaske ba siminti ba ce. Lambar nan ce ta kashi 80. Wa ya fitar da ita, kuma da me ya auna? Kusan kullum amsar ɗaya ce cikin biyu. Ko dai an duba kuɗin da aka biya aka ɗan ɗora wani abu a kai, ko kuma ayari ya je da mota, ya tsaya a bakin titi, ya ga kwano yana sheƙi, ya ɗauki hoto, ya ci abinci, ya dawo ya rubuta. Babu wanda ya fito da tef. Kuma duk ofishin da ka shiga za ka tarar da wannan cuta: an ɗauka kuɗin da ya fita shi ne aikin da aka yi, an ɗauka tsayin bango shi ne ci gaba.

An ce ido ba mudu ba ya san kima, to a wurin gini ido maƙaryaci ne. Bulo da kwano su ne suka fi cika ido, su ne kuma suka fi saurin tashi. Abin da ke cin kuɗi da lokaci yana zuwa ne bayan rufi: filasta ciki da waje, wayarin, famfo, silin, ƙofofi da tagogi, tayil, fenti, banɗakuna da sokawe, rijiyar burtsatse da tankinta, sola, katanga, wurin ƙona sharar asibiti. A irin wannan gini, sau da yawa wanda ya tsaya a rufi bai wuce rabin kuɗinsa ba. Ɗan kwangila ya san haka sarai. Shi ya sa yake garzayawa ya kai duk gine-ginen linta a lokaci ɗaya, domin a nan ake karɓar kuɗi da yawa da ƙaramin aiki. Wasu ma tun a takardar farashi suke shirya abin, su kumbura farashin haƙa da harsashi da bulo, su matse na kammalawa, yadda in sun kwashi ribarsu a farko babu abin da zai riƙe su a ƙarshe.

Ƙasar nan ta daɗe tana shan wahalar wannan lamba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarsa a 1979, tun 1994 ake cewa ya kai kashi 98. Har yau ba a hura babban tanderun narka ƙarfen ba. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da ya ratsa ta wurin, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. To kashi 98 na me? Na injinan da aka kafa, ba na masana'antar da ke fitar da ƙarfe ba. A 2011 kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Mai karanta irin waɗannan fayiloli ya san ba kasafai ake yin watsi da aiki a kashi 20 ba. A "saura kaɗan" ake barinsa, bayan kuɗi ya ƙare.

Ga yadda ake samo lambar gaskiya. Ka ɗauko takardar ƙididdigar aiki, wato BOQ da aka sa wa hannu tare da kwangilar. Ka samo masanin ƙididdigar gini mai rajista da QSRBN, hukumar rajistar masana ƙididdigar gini, da injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, waɗanda ba su da hannu a satifiket ɗin da aka biya a baya, wato takardun shaidar aikin da aka yi waɗanda ake biyan ɗan kwangila da su. Ka nemi lambar rajistarsu ka tabbatar, domin a garuruwanmu duk birkilan da ya sayi hular kwano ya zama "Injiniya". A gayyaci ɗan kwangila a rubuce, a je kowane wuri cikin 12 ɗin, ba uku da ke kusa da kwalta ba. A auna layi bayan layi: murabba'in mita nawa na bulo aka gina, kubik mita nawa na kankare, kwano nawa. A ninka da farashin da ke cikin kwangila, a tara. Aikin da aka yi ba daidai ba, kamar linta mai tsagewa ko rodin da bai kai kaurin da aka rubuta ba, sifili ne har sai an gyara. Kayan da ke ajiye a wurin aiki ana lissafa su daban, in kwangilar ta yarda, kuma sai an gan su an ƙirga. "Suna sito a Kano" ba lissafi ba ne. Kowa ya sa hannu a takardar awon kafin a bar wurin.

Mu ƙaddara awon ya ba da miliyan 300, wato kashi 50. Misali ne, amma bi lissafin. Kafin alƙalami bashi ne, ba riba ba, ana cire shi kaɗan-kaɗan daga kowane biya. Miliyan 180 kashi 30 ne na kwangilar, saboda haka daga aikin miliyan 300 ya kamata an cire 90. Sai kashi 5 da aka saba riƙewa saboda gyaran lahani, 15 ke nan. Abin da ya halatta a biya shi a kan aiki 195 ne, in an haɗa da 180 na farko ya zama 375. An ba shi 420. An wuce da 45. Ta wata fuskar kuma, kuɗinku miliyan 120 suna hannunsa ba tare da aiki a ƙasa ba. Aikin da ya rage na miliyan 300 ne a tsohon farashi, abin da ya rage a asusu 180. In ka ba shi 90 daga ciki, saura 90 su gama aikin 300. Wanda ya ce maka saura kaɗan, miƙa masa wannan lissafin ya nuna maka inda kaɗan ɗin yake.

Yau ɗin nan, kafin ma a je awo, nemo takardar lamunin banki ko kamfanin inshora da aka bayar a kan kafin alƙalami, ka duba ranar ƙarewarta. Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami a kashi 15, gyaran da aka yi a dokar kuɗi ta 2020 ya ɗaga shi zuwa 30, kuma ba a bayarwa sai da lamuni. Jihohi suna da nasu dokokin, masu ba da tallafi na waje ma haka, sai ka duba wadda ta hau kanka. Amma duka sun haɗu a abu ɗaya: lamunin da ranarsa ta wuce takarda ce kawai. Irin wannan takarda tana mutuwa ne a cikin durowa yayin da fayil ke yawo daga tebur zuwa tebur ana rubuta "a duba a yi magana". In saura makonni ta ƙare, rubuta wa ɗan kwangila ya sabunta, ka sanar da bankin. Haka ma lamunin cika aiki, wanda a dokar tarayya ba ya gaza kashi 10 na kwangila.

Batun tsadar kaya kuwa, ba ƙarya yake yi ba cewa kaya suna tashi. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, buhun siminti ya tashi daga wajen naira 5,000 zuwa sama da 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, kuma 'yan kwangila na kirki sun durƙushe a lokacin. Sai dai tambaya biyu. Shin kwangilarku tana da sharaɗin sauyin farashi? In babu, farashi tsayayye ne, ba ka da ikon ƙara ko kwabo da sa hannunka, sai hukumar da ta amince da kwangilar tun farko. In akwai, ana lissafa bambancin ne a kan kayan da suka rage a saya, da rasit da kwanan wata, ba a yanko lamba mai santsi kamar 90 ba. Ta biyu: me aka yi da miliyan 180? An ba shi ne domin ya sayi siminti da rodi da kwano tun farashi bai motsa ba. Wanda ya kai kuɗin wata kwangilar ko ya sayi fili ba zai dawo ya ɗora wa asibitin talakawa tsadar da jinkirinsa ya jawo ba. Amma ka duba naku gefen ma da adalci. In akwai satifiket da ya kwana fiye da kwana 60 ba a biya ba, dokar tarayya ta ɗauke shi biyan da aka jinkirta, yana da haƙƙi a kai. In kun makara wajen miƙa masa fili, ko wani babba ya sa an ƙara ɗaki da baki, wannan ma yana ba shi ƙarin lokaci.

Za a kuma ce maka a zuba leburori a gama cikin wata biyu. Kankare ba ya jin wannan magana, ƙarfinsa na ƙa'ida sai ya kwana 28. Ba a yin fenti a kan ɗanyen filasta, ba a filasta kafin a binne bututun waya da na ruwa. Ka zauna da injiniya ku fitar da jerin ayyukan da kowanne ke jiran na gabansa, domin su ne ke riƙe da ranar gamawa. Abin gaggawa kafin ruwan Yuni shi ne rufin ukun da suka rage, da kai kaya masu nauyi ƙauyukan da hanyarsu ke yankewa a Agusta.

Sannan ka daina kallon shirin a matsayin gini 12. Asibiti ba ya zama asibiti sai da ruwa, wuta, gadaje, firjin rigakafi, da ungozoma da aka turo ta kuma ta zo. Waɗannan suna hannun wasu ofisoshi, kowanne da nasa jinkirin, kuma ba sa cikin kashi 80 na kowa. Buɗe musu takarda yanzu, kowane abu da sunan mai alhakinsa da rana. In kuɗin da ya rage ba zai gama duka ba, a kasa su rukuni-rukuni: huɗu na farko a gama su tsaf a buɗe, sauran a rufe su a kare su daga ruwa. Za a yi maka ca, domin kowane shugaban ƙaramar hukuma yana son nasa a fara. Zaɓi da hujjar da za ka iya rubutawa, kamar yawan jama'a da nisan asibiti mafi kusa.

Daga nan biya ya koma kan abin da aka gama aka auna, wuri-wuri, kuma a cire rarar da aka biya daga satifiket na gaba. In ya ƙi dawowa, a ba shi gargaɗi a rubuce na adadin kwanakin da kwangilar ta tanada, da shawarar lauyan ma'aikata, sannan a soke, a nemi kuɗin lamuni. Soke kwangila ba tare da bin waɗannan matakai ba shi ke sa mai laifi ya ci ku a kotu.

Su kuma masu rubuta rahoton sa ido daga cikin mota, su ji tsoron Allah. Wanda ya rubuta 80 alhali bai auna ba shaidar zur ya bayar, ko an ba shi ambulan ko ba a ba shi ba, kuma matar da za a ɗauko a bayan babur tana naƙuda a wuce da ita ta gaban kangon tana da haƙƙi a wuyansa. Kai dai Malam, rahoton da aka kawo maka, mayar musu da shi ka ce su haɗo da takardar awon da suka dogara da ita, da sunan wanda ya riƙe tef a kowane wuri.