Filin Tambaya da Amsa: Na Ce "Me Ya Sa?" Aji Ya Yi Tsit

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a ƙaramar sakandare, aji biyu, ɗalibaina sun haura 70. An ce mu riƙa yin tambayoyin da ke sa yara tunani, amma da na ce "me ya sa?" sai aji ya yi tsit. Ina gyaran yake? Daga wata malama, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Fara duba tambayar kanta. "Me kuka fahimta game da tarihin Zazzau?" ta yi faɗi da yawa, yaro bai san ta ina zai kama ba. Matse ta. Bayan kin koya musu ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, sai ki ce: "Me ya sa magabata suka kewaye gari da ganuwa, mu kuma yau ba ma yi?" Wani zai ce yaƙi, wani ya ce karɓar haraji a bakin ƙofa, wani ya ce gari ya yi girma. Kowace amsa tana neman hujja, abin da ake so ke nan. Amma lallai darasi ya riga tambaya, don yaron da bai san komai a kan abu ba ba shi da abin da zai auna.

Sai jira, kuma nan ne yawancin malamai ke faɗuwa. Wata masaniya 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a binciken da ta gabatar a 1972 cewa malamai kan jira kusan sakan ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran sakan uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, masu magana suka ƙaru. Ki ƙirga biyar a zuci kafin ki kira kowa. Shirun zai yi miki nauyi, kada ki cike shi da amsarki. In yara suka gane Malama za ta amsa da kanta, shikenan, jiranki za su riƙa yi.

A aji mai cunkoso irin naki, rubuta tambayar a allo. Minti ɗaya kowa ya rubuta abin da ya gani a littafinsa, minti biyu ya tattauna da na kusa da shi a benci, sannan ki kira benci huɗu daga kusurwoyi daban-daban, har da na can baya. Bar su su tattauna da Hausa in Turancin ya cije, domin sau da yawa tunanin na nan, harshen ne ya tsaya. Tambaya biyu irin wannan sun ishi darasin minti 40.

Kada ki ce "Daidai!" ga amsar farko, sauran za su ɗauka magana ta ƙare. Ce: "Mun ji. Me ya sa ka ce haka?" ko "Wa ke ganin ba haka ba ne?" Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su ja da babba, tarbiyya ce mai kyau, saboda haka faɗa musu ƙarara cewa a nan hujja ake nema, ba rashin kunya ba ne. Kuma hana dariya ga wanda ya kauce. Yarinyar da aka yi wa dariya sau ɗaya tana iya rufe bakinta har ƙarshen zango.

TAMBAYA: Kimiyya nake koyarwa. Ba amsa ɗaya ce kawai daidai ba? Daga wani malami, Samaru.

AMSA: Malam, amsar na iya zama ɗaya, hanyar zuwa gare ta ce a buɗe. Kawo tulu da bokitin roba, zuba ruwa da safe, da rana su taɓa. Tambaye su me ya sa na tulu ya fi sanyi, kuma yaya za su gwada hasashensu. Wanda ya lura bayan tulun na da danshi ya kama hanya: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, yana bushewa yana tafiya da zafi. Roba ba ta da irin waɗannan ƙofofin.