Ƙwallon Madina da kake son shukawa

Wai ƙwallon dabinon da kawunka ya kawo tsaraba daga Madina, in ka binne shi zai haifi irinsa? Ba zai haifi irinsa ba. Ajiye wayar nan ka saurara, yaro.

Dabino akwai namiji akwai mace. Ka shuka ƙwallo goma, wajen biyar maza ne, kuma ba mai gane su sai sun yi huda, bayan shekara 5 ko fiye. Matan ma kowace da halinta, ba ruwanta da uwar.

Wani dillali ne ya ci amanata a kan haka. Ya zo da carbi a hannu, a-kori-kura cike da dashe, ya rantse da Allah 'ya'yan gindi ne da aka ɓamɓaro daga uwa mai zaƙi a wajejen Dutse. Wa zai ƙaryata mai rantsuwa? Bijimaina biyu na kai kasuwa. Lokacin babu sola, injin ban ruwa ke shan fetur rani bayan rani, ga kuɗin taki, ga lebura. Ranar da suka fara huda na bi layi ina dubawa: namiji, namiji, namiji. Alhali in da hannu kake barbara, wato sa garin hudar namiji a hudar mace, namiji ɗaya ya ishi mata 50. Me zan yi da garken maza? Da muka je gaban mai unguwa, buɗar bakin dillalin sai cewa ya yi haihuwa ta Allah ce. Har yau in na hango shi a kasuwa sauya hanya nake.

In irin uwa kake so, ɗan gindi za ka dasa: ka je da ƙafarka, ka ɗanɗani dabinon uwar, ka tsaya a yanke ɗan a gabanka. Ya kasance yana da saiwarsa, nauyinsa ya kai kilo 10. Juya gindin: na gaskiya yana da tabon yanka a gefe guda, na ƙwallo kuwa saiwa ta zagaye shi ko'ina. Tazara mita 8, kada kwaɗayi ya sa ka cusa su. Rami da taki ba zan ɓata bakina ba.

Ku yaran yanzu so kuke ku dasa da damina ku ci da azumi. Hudar macen dabinon can ta bakin rijiya ta buɗe jiya, kuma barbara ba ta jiran kowa fiye da 'yan kwanaki. Gobe bayan asuba ka zo da tsani da wuƙa.