Wace bindiga zan saya mai sauƙin kuɗi don farautar talotalon daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, abokan aikina sun ja ra'ayina zan bi su farautar talotalon daji idan lokaci ya zo. Kuɗin da na ware bai wuce dala 500 ba, kuma bindigogin da nake gani a shago an rubuta na talotalo ne duk sun fi ƙarfina. Wacce zan saya? Wasu sunce sai mai cin harsashi mai tsawon inci 3 da rabi.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Dala 500 ɗin nan ta isheka har da canji, amma dan Allah kada ka zubata duka akan bindigar, domin abinda yake kayar da talotalo shine matsin bakin bindiga da irin harsashin da ka saka da kuma sanin inda bindigarka take watsa ƙwayoyinta. Fentin ganye-ganyen da suke yi wa jikin bindiga su ƙara mata kuɗi ba shi bane.

Nemi mai famfo, wato wadda kake ja da hannu tana fitar da kwanson harsashi. Maverick 88 itace ta farko da zan ambata maka, kamfanin Mossberg ne yake harhaɗata a Eagle Pass ta jihar Texas, sabuwarta wajen dala 250 ce, kuma bututunta da na Mossberg 500 ana iya musanya su. Amma ka kula sosai anan, akwai mai gajeren bututu inci 18 da rabi wadda ta tsaron gida ce, bakinta a buɗe yake ba a ɗaura mata cok, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin bututu ya matse shi, wannan ba taka bace ko da an rage maka kuɗi. Ka ce musu mai dogon bututu da ake kwance cok a sauya kake so. In kuma ka samu Mossberg 500 ko Remington 870 ta hannu mai lafiya toh ka ɗauka kawai, ita 870 tun 1950 ake ƙerata, an sayar da sama da miliyan 10, saboda haka kayanta ko ina akwai. Ka leƙa cikin bututun kaga babu tsatsa, ka ja famfon kaji yana tafiya sumul.

Maganar inci 3 da rabi kuwa ni ban goyi baya ba ga wanda zai fara. Naushin da take yi wa kafaɗa ba wasa bane, kuma da zarar mutum ya fara jin tsoron bindigarsa sai ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama, shikenan ya kuskure ko ya ji wa tsuntsu rauni ya gudu ya je ya mutu a banza, wannan kuwa abu ne da yake damuna ƙwarai. Geji 12 mai cin inci 3 ta wadatar, geji shine ma'aunin faɗin bututu, 12 ta fi 20 faɗi. Geji 20 ma tana aiki kuma ta fi sauƙin ɗauka in zaku yi hawa da sauka a tsaunukan kudu maso gabashin Ohio irinsu dajin Wayne.

Yanzu ga inda kuɗinka ya kamata ya tafi. Talotalo ba a harbinsa a jiki, namiji babba yakan kai kilo 9 ko 10, gashin fukafukinsa da ƙirjinsa kamar sulke suke, kai da wuya ake nema, wuri ne ɗan ƙarami. Shi yasa ake ɗaura cok mai matsi sosai, bakin geji 12 faɗinsa kusan inci .729 ne, cok na talotalo yana matse shi zuwa wajen .665 domin ƙwayoyin su tafi a dunƙule. Zaka samu mai kyau da dala 30 zuwa 60, ka dai tabbatar zarensa na irin bindigarka ne tunda na Mossberg baya shiga Remington. Harsashi kuma ka fara da mai ƙwayoyin dalma masu girman lamba 5, irinsu Winchester Long Beard XR. Zakaji ana ta yabon TSS, gaskiya ne yana da kyau, ƙarfen tungistin ne mai nauyin giram 18 a girman da dalma take da giram 11 da ɗoriya, shi yasa ƙananan ƙwayoyi lamba 9 suke ratsawa har mutane suka koma farauta da ƴar ƙaramar bindiga mai bakin inci .410 irin Stevens 301, amma guda ɗaya yakan haura dala 10, kuma kai da kake buƙatar harbi da yawa na gwaji ba zai maka daɗi ba.

Gwajin nan kada ka tsallake shi ko da wasa. Ka samu babbar takarda ka zana kan talotalo a tsakiya, ka kafata a yadi 40, ka zauna a ƙasa yadda zaka zauna a daji ka harba, sannan ka zana da'ira mai faɗin inci 10 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa ka ƙirga. Maharba suna neman kusan 100 a ciki. In baka samu ba ka matso yadi 30 ka sake, nisan da ka samu shine iyakarka, kada ka wuce shi ranar farauta komai kwaɗayi. Ka gwada a yadi 15 ma, domin a kusa ƙwayoyin a cure suke, nan ne sababbi suka fi kuskurewa. Wani lokacin zakaga bindigar tana harbi sama ko gefe da inda ka saita, sai ka ƙara mata abin saiti mai arha da ake maƙalawa a bututu.

Kafin duk wannan akwai takardu. A shago zaka cike fom 4473 a binciki tarihinka, mai katin zama na dindindin yana iya saya, amma in da biza ta ɗan lokaci kake zaune dokar tarayya ta hana sai da wasu sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shine lasisin farauta mai aiki, don haka ka fara da lasisin. Ohio tana son kwas na koyon farauta ko lasisin ɗan koyo wanda dole ka fita tare da mai lasisi, sannan da izinin talotalo daban, kuma a kakar Afrilu zuwa Mayu talotalo mai gemu kawai ake harbi. Ka karanta littafin dokokin shekarar tunda ranaku da adadi suna sauyawa.

A daji kada ka saka ja ko fari ko shuɗi, kalar kan namijin talotalo kenan, wani maharbin zai iya ɗauka kai ne. Kada ka bi kukan talotalo kana sanɗa, sau da yawa mutum ne yake kira, ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi ka jira ya zo maka. Ka ambaci sunan Allah lokacin da zaka harba, kuma ka riƙe wuƙa mai kaifi a jikinka, in ka tarar da shi da sauran rai sai ka yanka. Allah ya bada sa'a.