Hajiya, Ba Intanet Ce Ta Ci Kuɗinki Ba

Wata Hajiya mai sayar da abaya da turaren wuta a Jidda ta rubuto mini. Ta ce mai saye zai tsaya jiran lambar sirri daga banki, kafin ta iso shafin biya ya rufe. Idan ya sake shiga oda ta wuce, amma da kuɗin aike na cikin gari, alhali kayan Kano za su, ga harajin saye (VAT) na kashi 15 an ɗora masa. Ɗan yayarta ne ke riƙe da shafin, ya ce laifin intanet ne. Ita kuma so take ta ninka ciniki kafin Hajji.

Hajiya, ajiye maganar ninkawa tukuna. Shafi ya rufe ba abin mamaki ba ne. Idan lokacinsa ya cika yakan manta adireshin mai saye, ya koma lissafi da na shagonki. Laifinki shi ne kina ɗaure kaya ba ki duba ba. Kin ga "an biya", kin miƙa wa ɗan aike, shi ke nan.

Abayar riyal 400, harajinta 60. Kayan da suka fita daga Saudiyya harajinsu sifili ne, muddin kina da shaidar fitarsu. Kenan kin karɓi 60 ba bisa ƙa'ida ba, kin kuma biya jigilar Kano daga aljihunki. Sau nawa hakan ta faru? Ba ki sani ba, don ba ki rubutawa. Nan ne ya fi damuna.

Na san wani mai dabino a Madina da ya bar wa ƙaninsa komai. Kunya ta hana shi tambaya. Sai da aka zo haɗa lissafin ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, aka tarar rasitai daban, abin da ya shiga banki daban, suka kwashe makonni suna tonon tsofaffin oda.

Ki kira yaron nan, ba faɗa ba, umarni. Shafi ya sake lissafa aike da haraji a daidai lokacin danna biya, kuma idan lokaci ya ƙare ya tilasta sake shigar da adireshi. In bai iya ba, ki biya wanda ya iya. Zumunci yana nan.

Ke kuma kowace safiya, kafin a ɗaure ƙulli ko ɗaya, ki jera adireshi, kuɗin aike da haraji a littafi. Wanda aka caja fiye da kima ki mayar masa, ki fitar da takardar ragi a kan rasitin farko. Fara da na watan jiya.