Kyanwowin unguwa sun yi yawa, a kai su bayan gari?

Malama, kin ce kyanwowi sun cika layinku a unguwar Bukoki ta Yamai, kina tunanin kwashe su ki zubar a bayan gari. Kada ki fara. Muddin akwai shara da ɓeraye, wasu za su zo, ga shi cikin kyanwa wata 2 ne kawai.

Ki saba musu da abinci wuri ɗaya da magariba, sannan ki sa kifi cikin keji. Da kyanwa ta shiga, ki lulluɓe kejin da zane, za ta natsu. Likitan dabbobi zai dandaƙe muzuru, ya cire wa mace mahaifa, ya yi musu allurar haukan kare. Manyan a mayar da su layinsu, ba sa jure zaman ɗaki. 'Ya'yan ake nema wa gida, bayan sun kai sati 8 da haihuwa.