Ukulele biyar a ɗaki, shago kuma yana ramewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ina sayar da caja, murfin waya da gilashin fuska. Wata takwas ke nan na fara koyon kaɗa ukulele, wato ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, ta YouTube. Da ɗaya na fara, yanzu ina da biyar, kuɗinsu ya kai wajen naira 600,000, kuma idona yana kan ta shida. Daga cinikin shago nake ɗauka, ba na rubutawa tunda shagon nawa ne. Yayana ya ce almubazzaranci ne, ni kuwa ina ganin ajiyar kuɗi ce, tunda kullum kayan waje tashi suke. Yanzu ina so in cire naira miliyan 1 in yi odar guda 30 daga China, in zama na farko da ke sayar da su a nan. Me kake gani?

Amsa: Wa'alaikumussalam, ƙanena. Ka yi tambaya a kan odar China, amma ni inda idona ya tsaya shi ne inda ka ce "ba na rubutawa tunda shagon nawa ne". Nan ciwon yake. Ka so ukulele, ka so tattabaru, ka so doki, wannan ruwanka ne, kowa da abin da ransa ke so. Abin da ba zan ƙyale ba shi ne ka zura hannu a dirowar shago ka ɗebi uwar kuɗi ka sayi abin sha'awa, sannan ka raɗa masa suna jari don zuciyarka ta huta.

Na san yadda abin ke kama mutum, kuma ba kai kaɗai ba ne. Masu kaɗa ta a Amurka har suna suka sa wa wannan hali cikin raha, suna kiransa ciwon tara ukulele. Kayan ma kamar an yi shi don haka ne. Girmansa huɗu: soprano mai tsawon inci 21, concert 23, tenor 26, sai baritone mai wajen inci 30. Ka fara da ƙarama, yatsunka suka cushe, ka ce laifin ƙanƙantarta ne, ka sayi ta gaba. Sautin bai fita kamar na mutumin bidiyo ba, ka ce katakon ne. Haka za ka yi ta bi har ka ƙare jerin, alhali uku daga cikin huɗun nan ɗaurin tsirkiyarsu iri ɗaya ne, abin da ka kasa kaɗawa a kan ɗaya ba za ka iya a kan ɗayar ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Kai kana da tsirkiya ashirin a ɗaki.

Mu koma kan kuɗi, don nan ne sana'ata. A ce kana juya jarin kayan waya sau ɗaya kawai a wata, kana samun ribar kashi 10 cikin 100 bayan ka cire hidima. Na ɗauki ƙasa-ƙasa, kai ka fi ni sanin cinikinka. Naira 600,000 a kan wannan lissafi tana haifar 60,000 duk wata. Wannan ita ce hayar da kake biyan ukulele biyar don su kwanta a ɗakinka, wata bayan wata, kuma ba ka taɓa jin zafinta ba saboda babu littafin da zai nuna maka. Abin da kake gani kawai shi ne kanta tana ɗan yin sarari, mai neman caja iri kaza ya zo ka ce ta ƙare, ya wuce shagon maƙwabcinka. Sai ka ce kasuwa ce ba ta ci.

Shekarun baya na zauna da wani mai sayar da atamfa da leshi, mutumin kirki, ba ya shaye-shaye, ba ya caca. Tattabaru ne abin sonsa. Yau ya ɗauki kuɗin turmi biyu ya sayi wata mai kyan wuya, gobe kuɗin turmi uku ya gyara akurki, kullum yana cewa ai suna ƙyanƙyasa, ai kuɗi ne a ajiye. Da ƙarshen shekara dilan da ke ba shi kaya bashi ya zo karɓar kuɗinsa, babu. Wa ya fara zargi? Yaron shagonsa. Ya kori yaro, har iyaye suka ɓata. Da muka zauna muka bi kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya daga abin da ya iya tunawa, sai ga ɓarawon zaune a gabana yana share gumi. Tattabarun kuma da ya kai kasuwa cikin gaggawa, ko rabin kuɗinsu bai gani ba. Idan kana da yaro a shago, ka ji tsoron Allah a kansa, domin ranar da lissafi ya ƙi fita shi za ka fara kallo.

Batun ajiyar kuɗi kuma, ganin kitse kake wa rogo. Gaskiya ne tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk kayan waje sun bi ta. To amma cajarka ma kayan waje ce, ita ma ta tashi, kuma ita tana da mai saye kullum. Farashin abu a kantin intanet daban, abin da wani zai ƙirga ya ba ka a hannu daban. Ukulele da ke riƙe darajarsu akwai su: irin na kamfanin Kamaka da ke Honolulu, babban birnin tsibiran Hawaii na Amurka, tun 1916, waɗanda ake yi da itacen koa na Hawaii, guda ɗaya takan wuce dala 1,000. A can ma aka haifi kayan, bayan da masassaƙa 'yan Fotugal daga tsibirin Madeira suka sauka a 1879 da ƙananan jitocinsu, kuma a can da sauran ƙasashen da ake kaɗa ta ne masu sayen tsohuwa suke. Biyar ɗinka a kan 600,000 na masana'anta ne, ana buga dubbai irinsu. Ranar da ka fitar da ita daga kwali ta zama ta hannu. Ga hunturun Kano kuma: katakon kayan kiɗa yana son danshin iska na wajen kashi 45 zuwa 55, namu kuwa a watan Janairu yakan faɗi ƙasa da 20. Mai katako zalla, wadda ita ce mai tsadar, ita ta fi saurin tsagewa. Zinare ba ya haka, buhun masara ma ya fi ta haƙuri.

Odar guda 30 fa? Ban ga inda ka ce mutum nawa suka taɓa tsayar da kai suka ce ka samo musu ba. "Na farko a Kano" kalma ce mai daɗi a kunne, na sha jin ta daga bakin masu mafarkin kuɗin dare ɗaya, kuma sau da yawa dalilin da ya sa babu mai sayar da abu shi ne babu mai saye. Masu kantin kayan kiɗa a Sabon Gari da manyan diloli na Alaba a Legas ba barci suke ba. Da ana nemanta da sun cika kanta. Ka ƙara kuɗin dako, kuɗin kwastan da waɗanda za su iso a fashe, sannan ka lissafa wata nawa za ka yi kafin guda 30 su fita ɗai-ɗai. Zato na shi ne odar nan ita ce ukulele ta shida, ta sa babbar riga don yayanka ya daina magana.

Kana son ka san ko akwai kasuwa? Ba sai ka kashe ko kwabo ba, samfur yana ɗakinka. Zaɓi wadda ta fi zama a hannunka ka riƙe, ka sa mata sababbin tsirkiyoyi. Sauran huɗun ka ɗauki hotonsu ka sa a WhatsApp da Facebook, ka rataya ɗaya a shago, ka kai ɗaya wa masu koyar da kiɗa. Ba su kwana 60. Rubuta wanda ya tambaya, nawa ya taya, nawa ka sallama. Idan huɗun suka fita ba tare da ka faɗi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma mutane suka dawo suna neman ƙari, to rubuto mini mu yi maganar odar guda biyar, kowace da kafin alƙalamin mai ita a hannunka. Idan kwana 60 suka cika suna nan rataye, ka sami amsarka a kyauta, maimakon ta ci maka miliyan ɗaya.

Amma kafin duk wannan, yau ɗin nan, sayi littafi. Shafin farko ka rubuta cewa shago yana bin ka naira 600,000, da sunanka, kamar yadda za ka rubuta wa kowane mai cin bashi. Duk abin da aka samu a kan huɗun nan ya koma dirowa a rage daga ciki, ragowar ka biya kaɗan-kaɗan. Sannan ka yanka wa kanka albashi na wata, adadi sananne, ranar ɗauka sananniya. Abin da ya rage a albashin bayan cefane da kuɗin makaranta naka ne, ka tara ka sayi ta shida har ta goma, ba ni ba yayanka ba mai cewa uffan. Littafin kuma ka riƙa nuna wa yayan naka duk ƙarshen wata, tunda shi ya riga ka ganin ramin.